Magana A Kan Kullen Korona Da Hakkin Yara A Cikin Gida

Ina so mu waiwayi kullen annobar korona na shekarar 2020, zama an yi ta magana a kan kasuwa da asarar dukiya, amma abin da ya gudana a bayan zaure kaɗan ne suka taɓa shi.

Ku tuna yadda abin ya zo. A watan Maris aka rufe makarantu. Ran 11 ga Afrilu aka sami mutum na farko da cutar a Kano, ran 16 da dare aka kulle gari, azumi kuwa ya kama ran 24. Babu Kurmi, babu Kantin Kwari, babu asham a masallaci, ga zafin bazara, ga labarin rasuwar dattawa yana shigowa safe da yamma. Daga baya aka riƙa sassautawa Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i domin cefane. Ba a ɗage kullen duka ba sai farkon Yuli.

To, a nan ne maza suka ɗanɗani kulle, kalmar da a da ba mu san ta ba sai ga mata. Magidancin da ya saba fita da asuba ya komo bayan isha'i, sai ga shi a tsakar gida, yana kallon yadda a ke jan ruwa, a hura wuta, a raba tuwon mutum biyar ga mutum tara. Waɗansu idonsu ya buɗe. Waɗansu kuwa, kaico, haushin kasuwa suka huce a kan iyali: yaro ya kifar da koko, sai tsawa da bulala, in ya yi kuka a ce masa ya gode wa Allah da ya samu ma.

Wannan godiya ta tilas ita na ke ƙi. Yaro ba ya koyon shukura da umurni, da ido ya ke koyo. Kadan bai taɓa jin ubansa ya ce wa uwarsa "sannu da aiki" ba, bai taɓa jin an ce masa "madalla" da ya ɗebo ruwa ba, ina zai gan ta har ya kwaikwaya? Mun karantar da cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Ubangiji, amma sai muka mai da ita haraji, na ƙasa ya biya na sama. Ai na sama shi ya kamata ya fara. Na san wani maƙwabci, tela ne, wanda a kwanakin nan ya sa al'ada bayan shan ruwa kowa ya ambaci alherin da wani a gidan ya yi masa a wunin, shi ne kuma mai farawa. Kekensa bai juya ba wata biyu, amma ban ji kukan duka daga gidansa ba.

Wani zai ce, "Malam, mai yunwa ba ya fara'a." Gaskiya ne, ban kuwa ce a gaya wa mai yunwa ya gode ya yi shiru ba, wannan zalunci ne da rigar wa'azi. Hakkinsa yana wuyan maƙwabci mai hatsi da kuma hukuma. Sai dai yaro ba shi ya rufe kasuwa ba. Shi ma a tsorace ya ke, an raba shi da abokan wasa da makaranta, yana jin manya suna lissafin matattu, ba mai yi masa bayani. A zaunar da shi, a gaya masa gaskiya gwargwadon hankalinsa, a ba shi ɗan aikin da zai ji yana da amfani, a yi masa tatsuniya da dare. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke cin kwabo.

Saura maganar da ta fi shafarmu. A cikin kullen nan gwamnonin Arewa suka riƙa mai da almajirai jihohin iyayensu a cikin motoci, aka tsare su a sansani, aka kuma sami cutar a jikin waɗansu da aka kai Kaduna da Jigawa. Ku duba halin yaro ɗan shekara takwas: an ɗauke shi daga gaban malaminsa, ya isa ƙauye ana gudunsa, a gida kuma ana ganinsa ƙarin baki a kwano. Iyayen da suka tarye shi da fuska sake, suka gode da ya komo da rai, sun sauke nauyi. Amma mu malamai fa? Yaran nan sun yi mana shara da ɗiban ruwa shekara da shekaru. Nawa ne cikinmu suka aika a tambayo ko sun isa lafiya? Ina roƙon kowane mai tsangaya ya sami littafi tun yau, ya rubuta sunan kowane almajiri, da sunan ubansa, da garinsu, da lambar wayar da za a same shi.