Kada Mu Bar Zabuwa Ta Kwanta A Daji



Damina ta kama. Daga Tasawa har Mayahi, zabi sun fara saka ƙwai. A wannan lokaci ne kuma rumbu yake yin ƙasa. Saboda haka mutum yakan kwashe ƙwan duka ya kai kasuwa. Idan ka yi masa magana sai ya ce: "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Ban ƙi ba. Yunwa ba ta jira. Amma ra'ayina shi ne, a sayar da rabi, a ajiye rabi don ƙyanƙyasa. Zabo ɗaya da ya girma ya fi ƙwai da yawa kuɗi.

Ina magana ne da wanda zai fara bana. Ni ma na taɓa zama sabon shiga, kuma na yi asara. A shekarata ta farko, na sa wa kaza ƙwan zabi 20 tare da nata guda 3, duk rana ɗaya. Da nata suka ƙyanƙyashe sai ta tashi ta bi ƴan tsakinta. Ƙwan zabin ya huce, ya lalace gaba ɗaya. Laifin ba na kaza ba ne. Nawa ne, domin ban san lissafi ba.

Ga lissafin. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21. Na zabuwa kuwa sai ya yi kwana 26 zuwa 28. Tsakaninsu akwai kusan mako guda. Idan kana so ka haɗa su, fara sa na zabi. Bayan kwana 7 ka ƙara na kaza biyu. Ta haka za su fito tare, ƴan tsaki kuma su koya wa ƴan zabi cin abinci.

Me ya sa na ce a ba kaza? Domin zabuwa ba ta iya reno ba. Tana ɓoye gurbinta cikin ciyawa, inda maciji da muzuru da kare suke samunsa. Idan ma ta ƙyanƙyashe, sai ta ja ƴaƴan cikin raɓa da sassafe. Sanyi da jiƙa su ne manyan masu kashe ƴan zabi. Kaza kuwa tana da haƙuri, tana rufe su da fikafikanta.

Ga abin da ya kamata a kiyaye.

Na farko, zaɓi ƙwan da bai wuce kwana 7 ba. Ya fito daga garken da yake da zabo namiji. Kada ya zama mai tsaga. Kada a wanke shi da ruwa. A ajiye shi a inuwa, tsininsa yana kallon ƙasa.

Na biyu, kada a yi haɗama. Ƙaramar kazarmu ta gida, ƙwai 12 zuwa 15 ya ishe ta. Wanda ya leƙo waje ba zai sami ɗumi ba.

Na uku, a gyara gurbi cikin akurki, inda ruwan sama ba ya shiga. A share shi, a zuba toka saboda ƙwari. A ajiye wa kaza ruwa da hatsi kusa da ita.

Na huɗu, bayan kwana 10, a haska kowane ƙwai da tocila da dare. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, sai a duba da kyau. Mai rai yakan nuna duhu da jijiyoyi. Wanda ya fito garau ba zai yi ba, a fitar da shi tun bai zama baragurbi ba.

Na biyar, kuma shi ne babba a wurina: a rubuta ranar da aka sa ƙwai. Wani zai ce kakanninmu ba su rubuta ba, kuma sun yi kiwo. Gaskiya ne. Amma ba su ƙirga asararsu ba. Kai da ka koyi karatu, ɗauki littafinka ka rubuta rana da yawan ƙwai. Har a Amurka, inda wasu suke kiwon wani ɗan maciji mai ɗagaggen hanci don sha'awa, haka suke yi. Suna ajiye ƙwansa cikin akwati mai ɗan danshi kusan wata biyu. Suna yi masa alama a sama, domin ƙwan maciji ba a juya shi, ba kamar na kaza ba, wanda uwa take juyawa kullum. Idan mai kiwon maciji yana rubutu, mai kiwon abinci fa?

Tun da mun ambaci maciji, ga gargaɗi. Kada ka tura yaro neman gurbin zabi cikin duhuwa. Kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. Fara taɓawa da sanda. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya, kada a tsotsa. A hana shi yawan motsi, a gaggauta kai shi asibiti. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Bayan ƙyanƙyasa aiki bai ƙare ba. A tsare ƴan zabi da uwarsu kamar mako 6. A ba su tsaki da gara da ruwa mai tsabta cikin kasko marar zurfi, kada su nutse. Kafin hunturu, a nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafin annobar kaji. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa, kada a ci, kada a sayar, a sanar da shi. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta shigo Magariya a 2006 ba.

Ɗan'uwa, fara da kaza ɗaya bana. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kwana 28 ya cika, ka rubuta nawa suka fito, ka kawo mana aji mu karanta tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.