Jarrabawar Kwamfuta a Jami'o'inmu: Kitso da Ƙwarƙwata

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe layi ya miƙe a ƙofar cibiyar jarrabawar kwamfuta. Ɗalibai 'yan aji ɗaya ne, cincirindo guda, kowa da katin shaida a wuya da 'yar takardar da ke nuna rukuninsa. Kujerun ciki ba za su ɗauke su gaba ɗaya ba, don haka rukuni-rukuni ake shiga, janareta na ta ruri a bayan gini. Duk wanda ya fito sai abokansa su yanyame shi: "Me ya fito? Daga tsoffin tambayoyin nan ne?" Ya zayyano abin da ya riƙe, na baya su yi ta bita a tsaye. Wanda ya shiga zai tarar da tambayoyi a jere, kowace da zaɓi huɗu. Ya danna, ya danna, ya miƙa, ya fito. An auna karatun zango guda ke nan ba tare da yaron ya rubuta jimla ko ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da ake kira ci gaba a jami'o'in Najeriya yau. Ra'ayin da ya yi kaka-gida shi ne jarrabawar kwamfuta, wadda kowa ya sani da CBT, ita ce maganin satar amsa, da ɓatan takardu, da jinkirin sakamako. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta fara gwada ta a 2013, ta koma kanta kacokan a 2015, jami'o'i ma suka rungume ta, da farko a jarrabawar tantance sababbin ɗalibai, daga baya a darussan gama-gari, yanzu kuma har a darussan sashe. A 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO ma su shirya komawa kan kwamfuta. Duk wanda ya ɗaga yatsa ya ce a tsaya a duba, sai a ce masa ɗan gargajiya ne mai tsoron zamani.

Gaskiya ne masu wannan ra'ayi suna da abin kafa hujja. Ɗalibin da ya taɓa maimaita darasi saboda takardar amsarsa ta ɓace a ofishi ya san zafin tsohon tsari. Ɗalibar da wani malami marar tsoron Allah ya riƙe wa maki don ta ƙi ba shi haɗin kai tana da dalilin fifita na'urar da ba ta san fuskarta ba. Sakamakon da a da yake shafe watanni yanzu yana iya fitowa cikin kwanaki. Duk wannan alheri ne, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ake kira CBT a mafi yawan jami'o'inmu canki-canka ce aka ɗora a kan allon kwamfuta. Tambaya mai zaɓi huɗu tana iya nuna ko ɗalibi ya gane amsa idan ya gan ta a gabansa. Ba ta iya nuna ko zai iya samar da amsar daga kansa, ya jera hujja, ya kare ta. Wanda bai buɗe littafi ba ma, idan ya rufe ido ya yi ta dannawa, lissafi ya nuna zai tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makin. Lauyan gobe zai tsaya gaban alƙali babu A babu B. Likita zai saurari mai jinya yana kwatanta ciwonsa a hargitse, shi ne zai tsamo ma'ana. Injiniya zai nuna matakan lissafinsa, domin a tsakiyar lissafin ne kuskuren da ke rusa gini yake ɓuya. Kuma ɗalibi ba wawa ba ne, yadda za a auna shi haka yake shirya kansa. Idan ya san dannawa zai yi, sai ya ajiye littafi ya haddace tsoffin tambayoyin da ke yawo a WhatsApp. Sai ya kai shekarar ƙarshe, an ce ya rubuta kundin kammala digiri, a lokacin ne malaminsa zai gano bai taɓa haɗa shafi biyu masu ma'ana ba tun da ya shigo makarantar.

Me ya sa jami'o'i suka rungumi wannan hanya da hannu bibbiyu? Amsar tana cikin rahoton kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don duba buƙatun jami'o'in gwamnati, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012. Rahoton ya ƙirga malamai 37,504 a dukan jami'o'in, ƙasa da rabinsu ne ke da digirin digirgir, kuma a wasu wuraren malami ɗaya yana da ɗalibai fiye da ɗari. Daga lokacin zuwa yau an ƙara jami'o'i, an ƙara ɗalibai, malamai kuwa da dama sun tattara nasu ya nasu sun tafi ƙasashen waje. Malamin da aka damƙa wa aji mai mutum dubu ba shi da halin karanta takarda dubu ya yi musu gyara. CBT ta zo ta ɗauke masa wannan nauyi, ta kuma ɗauke wa hukumomi kunyar ƙarancin malamai. Kitso aka yi da ƙwarƙwata: an rufe matsalar da sabon gini da jerin kwamfutoci, ita kuwa tana nan tana cin fatar kai.

Ya kamata a ɗauki darasi daga jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002. Babu jami'ar da ta fi ta dogaro da intanet a ƙasar nan, amma ta daɗe tana taƙaita jarrabawar kwamfuta ga 'yan aji ɗaya da biyu, manyan azuzuwa kuma su zauna da biro da takarda. Wadda ta fi kowa sanin amfanin na'urar ta san inda amfanin ya tsaya.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa na'ura ba ta kuskure, ba ta son kai. Shekarar 2025 ta ƙaryata wannan a bainar jama'a. Bayan da sakamakon JAMB ya fito, sama da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 suka sami ƙasa da maki 200 cikin 400, iyaye da yara suka yi ta kururuwa. A ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa wani gyaran manhaja da ba a ɗora daidai a kan wasu na'urori ba ya lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ya cancanci yabo da ya ɗauki laifin, aka kuma sake musu jarrabawa. Sai dai wannan JAMB ce, mai kuɗi da ƙwararru da idon dukan ƙasa a kanta. Ɗalibin jami'ar jiha da allonsa ya daskare ana saura minti goma, ko na'ura ta ba shi sifili, wa zai saurare shi? A tsohon tsari yana da takardar da zai nemi a sake dubawa. A sabon tsari maganarsa ce kawai a gefe guda, abin da kwamfuta ta nuna a ɗaya gefen.

Satar amsa ma ba ta mutu ba, riga ta canza. Har yanzu ana kama sojojin gona da ke zama a madadin wasu, kuma tambayoyin rukunin safe suna isa ga rukunin yamma tun kafin azahar. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 aikin gida ya shiga wani hali, sai wasu suka ce a sayo wata manhajar da za ta kama wanda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar ganowa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A 2023 ɗin ce masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin aikin na'ura. Yaron da ya taso da Hausa ko Kanuri, yake rubuta Turanci mai sauƙi, shi ne farkon wanda za a shafa wa kashin kaji.

Ga kuma wuta. A Afrilun 2024 kuɗin lantarki na rukunin masu samun wuta mafi yawa, wato Band A, ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i da dama suka koka cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu. Jami'ar Bayero ta Kano ta sami tashar hasken rana mai megawat 7.1 a 2019, amma ba kowace ce ta yi wannan dacen ba. A 2020, da korona ta rufe makarantu aka umarci jami'o'i su koma koyarwa ta intanet, a daidai lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ke yajin aikin da ya shafe wata tara, an ga iyakar shirin da aka yi. Na'urar ta isa ɗakin jarrabawa tun tuni, ɗakin karatu ne ba ta kai ba.

A zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ɗalibin da ke karanta Ishmawi ko Risala yakan biya a gaban malaminsa, malam ya ji da kunnensa, ya gyara, sannan ya yi masa ƙari. Awo da koyarwa abu ɗaya ne a wurin. Wannan haɗin ne fasahar zamani ta fi dacewa ta dawo da shi cikin aji mai mutum dubu. Gajerun tambayoyi masu zaɓi suna da gurbi a kowane mako, ta waya, don malami ya gane inda aji ya tsaya kafin lakca ta gaba. A naɗi darasi cikin murya mai ƙaramin nauyi, yadda ɗalibar da ke ƙauye da data kaɗan za ta iya saukewa ta sake ji. A ɗauki hoton takardun amsa da aka rubuta da hannu, a ɓoye sunaye, a raba wa malamai su duba a kan allo, ta yadda takarda ba za ta ɓace ba, mai riƙe maki kuma ba zai san ta wa yake dubawa ba.

Hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisun dattawan jami'o'i suna da ikon yanka wannan ƙa'ida gobe: kada tambayoyi masu zaɓi su wuce wani kaso na makin darasi, kuma daga aji biyu zuwa sama kowane ɗalibi ya rubuta amsa da kalmominsa, wani malami ya karanta ya mayar masa da gyara. Hakan zai tilasta a ɗauki sababbin malamai da mataimakansu, a kuma biya su, wanda shi ne kuɗin da ake ta gudun kashewa tun daga rahoton 2012.