Kamaru: Sanatoci ɗari, amma wa ya aike su?

Cikin azumin 2023, muna zaune bakin masallaci bayan asham, wani dattijo mai sayar da yadi ya jefo mini tambayar da ta sa na yi ɗan jim. Ya ce: "Malam, wai an ce an zaɓi sanatoci. To ni da katina a aljihu, yaushe aka yi zaɓen ban ji ba?" Mutane suka fashe da dariya. Ni kam ban ga abin dariya ba, don tambayar tasa ita ce kan maganar gaba ɗaya.

An yi zaɓen ranar 12 ga Maris, 2023, kuma ba a gayyace shi ba saboda doka ba ta san da shi a wannan zaɓe ba. Majalisar dattawan Kamaru kujeru 100 gare ta, kowace jiha daga cikin jihohi goma tana da goma. Bakwai daga cikin goman nan kansilolin ƙananan hukumomi da 'yan majalisun jihohi ne ke zaɓensu, sauran ukun kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa su da alƙalaminsa. Ke nan 70 zaɓaɓɓu, 30 naɗaɗɗu, wa'adinsu shekara biyar. Masu jefa ƙuri'ar duka-duka mutum dubu goma sha ɗaya ne da wani abu. A wannan karon jam'iyyar RDPC mai mulki ta kwashe kujeru 70 ɗin kaf, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. Ranar 31 ga Maris Shugaba Paul Biya ya fitar da sunayen nasa talatin, inda ya ɗan gutsura wa wasu jam'iyyu kujera ɗai-ɗai, har da SDF. Idan ka haɗa lissafi, sama da sanata casa'in 'yan jam'iyya guda ne, kuma 'yan kaɗan ɗin da ba nata ba, shugaban jam'iyyar ne da kansa ya shigo da su zauren.

Wasu sun yi ta ihun maguɗi. Ni a ganina ba a ma buƙaci maguɗi ba. An gama wannan zaɓe tun ranar 9 ga Fabrairu, 2020, ranar da aka zaɓi kansiloli. Jam'iyyar MRC ta Maurice Kamto ta ƙaurace wa wancan zaɓe, a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma kuma ƙarar bindiga ta tsare mutane a gida, RDPC ta tashi da ƙananan hukumomi sama da 300 daga cikin 360. Wanda ya mallaki kansiloli ya riga ya mallaki sanatoci, sauran duk cika ƙa'ida ne.

Duba tarihin majalisar ka gani. Kundin tsarin mulki na 1996 ne ya ƙirƙire ta, amma sai a 2013 aka kafa ta, bayan shekara 17 tana kwance a takarda. A zaɓen farko SDF ta samu kujeru 14, na jihar Yamma da na Adamawa. Kada ka ɗauka farin jini ta yi a Ngaundare. Jerin sunayen 'yan takarar RDPC ne aka soke a jihohin biyu, sai kansilolinta suka juye wa SDF ƙuri'unsu, don kada UNDP ta ci a Adamawa, kada kuma UDC ta ci a Yamma. A 2018 kujerun SDF suka koma bakwai, duk daga Arewa maso Yamma. A 2023 ba ta ci ko ɗaya ba. Adamawa ce ma ta fi ba ni mamaki, don a zaɓen majalisun jihohi na Disamba 2020 ita kaɗai ce jihar da ta kuɓuce wa RDPC ta faɗa hannun UNDP ta Bello Bouba Maigari. Duk da haka jam'iyyar ba ta fitar da zaɓaɓɓen sanata ko ɗaya daga can ba. Shi Bello Bouba ɗin kuwa a lokacin minista ne a gwamnatin da yake takara da ita, haka ma Issa Tchiroma na FSNC. Irin adawar tamu ta Arewa ke nan.

Akwai kuma batun rabo. An ce majalisar tana wakiltar jihohi ne, shi ya sa aka ba kowa goma. To amma a ƙidayar 2005, jihar Arewa Mai Nisa tana da mutum sama da miliyan uku, jihar Kudu kuwa ba ta kai dubu ɗari bakwai ba. Nauyinsu ɗaya a zauren. Amurka ma haka take yi, na sani, sai dai can talaka ne ke zaɓen sanatansa da hannunsa.

Wani zai ce, to mene ne na damuwa, majalisar da ba ta hana komai? Gaskiya ne, ko ta ƙi amincewa da doka, majalisar wakilai mai kujeru 180 tana iya sake zartar da ita da rinjayen fiye da rabin 'ya'yanta. Amma a 2023 akwai aiki guda da tsarin mulki ya ɗora mata wanda ya fi duk sauran nauyi. A dokar wancan lokaci, idan kujerar shugaban ƙasa ta zama ba kowa, ta hanyar rasuwa ko murabus ko gazawa, shugaban majalisar dattawa ne ke riƙon ƙwarya, a shirya zaɓe cikin kwana 20 zuwa 120, shi kuma ba zai tsaya takara ba. Biya ya cika shekara 90 a watan Fabrairun 2023, yana kan mulki tun 6 ga Nuwamba, 1982. Wanda a lokacin zai riƙe masa ƙwaryar, Marcel Niat Njifenji, da aka sake ɗorawa a 2023 kan kujerar da ya hau tun 2013, an haife shi a 1934. Rai a hannun Allah yake, yaro ma yana riga tsoho, amma doka da kanta ta tanadi cewa idan shi ma ya gaza, mataimakinsa na farko ne zai hau. A 2023 wannan mataimaki shi ne Abubakari Abdullahi, Lamiɗon Rai Buba. Wato a lokacin tsakanin basaraken Arewa, Musulmi, da riƙon ƙasar nan, tsofaffi biyu ne kawai. Tun da Ahmadu Ahijo ya sauka a 1982, sannan aka yi yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu, 1984 wanda 'yan Arewa da yawa suka ɗanɗana kuɗarsa, wannan magana ce da a Yawunde ake yin ta ƙasa-ƙasa.

Ko za a bi abin da ke rubuce, wannan wata magana ce daban. A Gabon an bi a 2009, shugabar majalisar dattawa Rose Francine Rogombé ta riƙe ƙasa bayan rasuwar Omar Bongo. A Chadi kuwa, Afrilun 2021, sojoji suka tsallake shugaban majalisa suka ɗora Mahamat, ɗan Idriss Déby.

Yanzu bari in dawo kanmu. In dai Musulmi ake nema a zauren, akwai su, da manyan rawuna ma. Marigayi Sultan Ibrahim Mbombo Njoya na Bamun sanata ne har ya rasu a 2021. Amma rawanin lamiɗo ba shi ne muryar ɗan kasuwar Brikiteri a Yawunde ko na Niyu Bel a Duwala ba. Basaraken da aka naɗa ya san wanda ya naɗa shi, kuma gare shi yake kai gaisuwa. Bahaushen Kudu kuwa matsalarsa iri dabam ce: kakansa a nan aka binne shi, amma har gobe baƙo ake ce masa. Tsarin mulki ya ce shugaban majalisar jiha sai ɗan asalin jihar, dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ƙara da cewa magajin babban birni ma haka. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta kansila, don dokar zaɓe ta ce jerin 'yan takara ya ƙunshi dukkan jinsunan mutanen da ke zaune a wurin. Nan ne kuma muka fi sakaci. Na san unguwannin da in an zo rajistar zaɓe sai ka ji matasa na cewa ɓata lokaci ne, alhali ƙuri'a 'yan ɗaruruwa kan sauya wanda zai shiga majalisar ƙaramar hukuma. Kansilan nan da muke rainawa shi ke da baki a rabon rumfunan kasuwa da filin maƙabarta, shi ne kuma ke riƙe da ƙuri'ar sanata.

Wa'adin kansilolin da aka zaɓa a 2020 a 2025 ya kamata ya cika, amma aka ɗage shi, don an saba: waɗanda suka zaɓi sanatocin 2013 tun 2007 suke kan kujera ana ta ƙara musu wa'adi. Waɗanda za a zaɓa nan gaba su ne ake sa ran za su zaɓi majalisar dattawa ta 2028. Da na yi wa dattijon nan wannan bayani, sai ya zaro katinsa ya jujjuya shi, ya tambaye ni sunan kansilan unguwarmu. Mu bakwai ne a kan tabarmar, mutum ɗaya ne ya iya faɗa, shi ma sai da ya buga waya ya tabbatar.