Mai keke ma yana da haƙƙi a titin Ankara

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba ya tsaya a bakin babban titin Nima ko na Kanda zai gan su. Mai gadi ne ya tashi daga aikin dare a Cantonments ko East Legon yana komawa gida, ga lebura da shebur ɗaure a bayan keke, ga mai sayar da FanMilk da akwatinsa. Wasunsu daga Madina suka taso, wasu daga Ashaiman, wasu ma Amasaman. Kullum suna tafiyar kilomita 10, 15, har 20 kafin su isa wurin neman abinci, su kuma maimaita ta da yamma. Da yawansu 'yan Zango ne, iyayen yaran da muke koyarwa. Magana ta a yau ita ce, wannan birni ya gina tituna kamar babu su, kuma mu ma da muke unguwa ɗaya da su mun yi shiru.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne ya ɗora su a kan keke. Mafi ƙarancin albashi na yini da gwamnati ta sa a 2025 sidi 19.97 ne. A ce mutum yana shiga trotro biyu zuwa, biyu dawowa, yana kashe sidi 20 a rana. To kun ga kuɗin mota kaɗai ya cinye albashin. A wata, in yana aiki kwana 26, sidi 520 ke nan sun tafi hannun yaron mota tun bai sayi koko da ƙosai ba. Ba mu manta 2022 ba, shekarar da aka ƙara kuɗin mota sau uku, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Mai keke bai ji daɗin shekarar nan ba shi ma, amma aƙalla ƙafarsa ba ta shan fetur.

Ga kuma zancen haya. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Saurayin da aka haifa a Maamobi, in ya yi aure, sau da yawa ba ya samun ɗaki kusa da iyayensa. Sai ya koma Kasoa ko Ablekuma ko Adenta, alhali aikinsa yana tsakiyar gari. Nisan da yake yi kullum tsadar ɗaki ce ta zaɓa masa.

Hawan keke ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1994 wasu masu bincike uku, Margaret Grieco da Jeff Turner da E. A. Kwakye, sun wallafa nazari a kan hawan keke a Ankara, inda suka kwatanta Nima da Jamestown. Abin da suka gano shi ne, a Nima, inda mutanen arewa suka fi yawa, keke abin hawa ne na yau da kullum, iyaye ba sa ƙin yaro ya koya. A Jamestown kuwa ana kallonsa a matsayin abu mai haɗari, na yara marasa ji. Ashe tun shekara 30 da suka wuce an rubuta cewa mu ne masu keken birnin nan. Kakanninmu sun zo da wannan ɗabi'a daga Tamale da Bawku da Wa, wasu daga Wagadugu da ƙasar Hausa. Wanda ya je Tamale ya ga hanyar keke a gefen manyan tituna, ya ga mata da 'yan makaranta suna tuƙawa ba wanda ya juyo ya kalle su. Ƙasa ɗaya ce, gwamnati ɗaya ce. Abin da ya yiwu a Tamale me zai hana shi a Ankara?

Amsar tana cikin irin titunan da aka yi mana. A 2012 aka buɗe babbar hanyar George Walker Bush, kilomita 14 daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam. Mota tana gudu a kanta kamar iska, amma ku tambayi mutanen Lapaz rayuka nawa suka tafi wajen tsallakawa. Hanyar Madina zuwa Adenta an gama ta, aka bar gadojin masu tafiya a ƙasa ba a ƙarasa ba shekara da shekaru. Sai a watan Nuwamban 2018, da mota ta kashe wata ɗalibar makarantar sakandare ta West Africa, mutanen Adenta suka fito suka tare hanya suna ƙona tayoyi, sannan aka dawo aka ƙarasa gadojin. An gina gadar sama a Circle, an gina ta Pokuase mai hawa huɗu. Duk abin alfahari ne, ban musa ba. Amma ka ɗauki keke ka ce za ka bi ta Circle da ƙarfe bakwai na safe, za ka gane cewa wanda ya zana hanyar yana cikin mota lokacin da yake zanen.

A gefen titi, inda ya kamata mai keke ya raɓe, trotro ce ke tsayawa ɗaukar fasinja ba tare da sigina ba. Gaba kaɗan mai talla ya baza kaya. Gaba kuma kwata ce a buɗe, an sace murfinta ko ba a taɓa sa mata ba. In ruwan sama ya sauko a watan Yuni, ruwa ya rufe ramin, ba ka sanin inda titi ya ƙare kwata ta fara. Dole mai keke ya shigo tsakiyar motoci, direba kuma ya danna masa hon kamar ya shigo masa ɗaki. A Gana sama da mutum 2,000 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma a cikin Ankara waɗanda suka fi mutuwa su ne waɗanda babu ƙarfe a kewaye da jikinsu, wato masu tafiya a ƙasa da masu ƙafa biyu.

Na san abin da wasu za su ce, don ina jin sa a ɗakin malamai da kuma majalisar shayi. Za su ce Ankara da zafi, mutum zai isa aiki jiƙe da gumi. Gaskiya ne. Za su ce Kasoa zuwa tsakiyar gari ya kai kilomita 30, ba kowa ke iyawa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce dattijo mai ciwon gwiwa ko mai juna biyu su hau keke ba. Mutumin Kasoa motar haya mai tsari yake buƙata, irin wadda aka yi mana alkawari da aka kawo Aayalolo a 2016. Amma tafiya nawa ce a garin nan ta kai kilomita 30? Daga Madina zuwa Nima, mai keke da ke tafiyar kilomita 15 a awa zai iso cikin kusan awa guda. Wanda ya taɓa zama cikin trotro a Shiashie da safiyar Litinin ya san motar ma takan ci fiye da haka, ban da tsayuwar layi a tasha. Sannu ba ta hana zuwa, balle ma a nan mai keken ne ke riga isa.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, ita ce kunya. Mun mai da keke alamar rashi. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur, ko ya yi awa biyu a layin mota, da a gan shi a kan keke a gaban gidan su budurwarsa. Yaro a aji in ka tambaye shi aikin babansa zai faɗa, amma in ka tambaye shi da me yake zuwa aikin sai ya sunkuyar da kai. Wallahi wannan yana damuna. Uban da ya tuƙa kilomita 30 a yini don ya rage kuɗin littafin ɗansa, wace kunya ke gare shi? A Holan, ministoci da malaman jami'a kan keke suke zuwa ofis. Su ma ba haka suka tashi ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, ga rikicin man fetur na 1973 ya biyo baya, daga nan gwamnati ta fara ware wa keke hanyarsa. Matsin lambar iyaye ne ya canza titunansu.

To me muke nema? Na farko, daga Majalisar Ayawaso ta Gabas da ta Ayawaso ta Arewa, waɗanda Nima da Maamobi ke ƙarƙashinsu tun 2018, tare da Sashen Titunan Birane. A rufe kwatocin gefen manyan tituna. Wannan kaɗai zai ba mai keke da mai tafiya a ƙasa wuri. Sannan a zaɓi hanya ɗaya a fara gwaji, misali daga kasuwar Nima ta Kanda zuwa Ridge, a ware layin keke da shingen kankare. Fenti kaɗai ba zai yi ba, don direban trotro ba ya ganin fenti. Kuma duk sabon titin da za a ba da kwangilarsa, a sa hanyar keke tun a zane. Gyara daga baya ya fi tsada.

Na biyu, daga 'yan sandan kula da hanya da hukumar kiyaye haɗurra, NRSA. Dokar hanya ta 2012 ta sa iyakar gudu kilomita 50 a awa cikin gari, kilomita 30 kusa da makarantu da kasuwanni da wuraren ibada. A Nima ina ne babu makaranta ko masallaci ko kasuwa? Doka tana nan, aiki da ita ne babu. Bambancin mota mai gudun 30 da mai gudun 60 in ta bugi mutum shi ne bambancin asibiti da maƙabarta. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU ma tana da rawar takawa, don a tasha ake koyon tuƙi da ɗabi'ar tuƙi, kuma da yawan direbobin nan sahu ɗaya muke tsayawa da su ranar Juma'a.

Na uku, daga masu ɗaukar ma'aikata. Kamfanin gadi ko makaranta ko ma'aikata da ke da wurin ajiye mota goma ba za ta rasa kusurwar da za a kafa ƙarfen ɗaure keke ba. A ƙara da famfo da ɗan wurin canza riga. Maganar gumi ta ƙare ke nan. Satar keke na cikin abin da ke hana mutane saye, don wanda ya tara kuɗin wata uku ya saya ba zai so ya bar shi a bakin titi ba.

Na huɗu, mu kanmu. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 an yi shi ne don irin unguwanninmu. Sarakunan Zango da 'yan majalisar unguwa su sa maganar keke cikin abin da suke nema, a horar da matasa gyaran keke, a taimaka wa ɗalibai masu nisa da shi. Misali yana nan cikin ƙasa. Village Bicycle Project tun 1999 take kawo kekuna ƙauyukan Gana tana koyar da gyara, a Kumashi kuma Bernice Dapaah ta kafa sana'ar ƙera keke da gora har ana fitar da shi waje. Kwamitocin masallatai fa? Addininmu ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Ramin da ya buɗe baki a gaban masallaci wata shida, in matasa biyar suka haɗa kuɗin siminti sun rufe shi. Limamai kuma su taɓo haƙƙin hanya a huɗuba, don direban da ya matse mai keke zuwa kwata ya ɗauki alhaki ko ɗan sanda bai gani ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu keke, akwai naku. Da yawanku kuna fita kafin gari ya waye, kuna dawowa bayan magariba, cikin baƙar riga, babu fitila gaba babu baya. Direba ba zai kauce wa abin da bai gani ba. Fitila da riga mai ƙyalli ba su kai kuɗin motar mako guda ba. A duba birki kafin a fita, a bi hannun dama tare da motoci, a daina tuƙi ana fuskantar su. A sa hular kwano. A riƙe gorar ruwa, kuma a watan azumi a rage sauri da rana, a tsara tafiya da sanyin safiya. Iyalinku suna jiran ku ne, ba labarinku ba.

Ina kuma roƙon iyaye mu sake tunani a kan 'ya'ya mata. Yarinyar da ke tafiyar minti 40 a ƙasa zuwa makaranta takan iso a gajiye, darasin farko ya wuce. A Tamale da Bolgatanga 'yan mata Musulmi suna hawa keke da hijabinsu, mutuncinsu bai ragu ba. Tsoron da ya dace mu ji shi ne na titi, shi ya sa gyaran titin ya zama namu duka.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. A Ankara wannan rana tana tuna mana wani abu dabam, ambaliya da gobarar Circle ta 2015 da ta ci sama da mutum 150. Ranar ta nuna mana abin da kwata da titi marasa tsari ke jawowa. Ina ba da shawara ƙungiyoyin matasan Nima da Maamobi da New Town da Kotobabi su riƙe wannan rana. A yi wa mamatan addu'a da safe, sannan a hau keke a jere a kai wa shugabannin majalisun biyu takarda mai buƙatu ƙididdigaggu, da sunan titi da wa'adi. Shekara mai zuwa a koma a tambayi inda aka kwana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗan siyasa yana ƙirga kawuna kafin ya amsa.

Allah Ya kai kowa wurin nemansa lafiya, Ya dawo da shi gida lafiya.