Kunnen Maharbi Ya Fi Bindigarsa Tsada

Da zarar ruwa ya ɗauke, hunturu ya sauko kan tsaunukan Jos, ciyawa ta bushe, sai maharba su shiga goge bindigogi. Daga Bukur da Naraguta da Miango da gindin duwatsun Shere ake fita, wasu su yini, wasu su yi mako a dawa. Farauta ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, gama tun kafin Turawa su zo haƙar kuza Birom da Irigwe ke fita farautar gayya bisa ƙananan dawakinsu, da mashi da kare. Amma shi mashi ba ya ƙara. Bindiga ce ta zo da wata ɓarna wadda ido ba ya gani, watau kurumta.

Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya san alamar. Sai an ɗaga murya, shi kuma sai ya juyo da kunnen dama. Akan ce tsufa ne, alhali kuwa ba tsufa kaɗai ba ne. Mai harbi da dama yakan kwantar da kuncinsa bisa gindin bindiga, kansa ya kare kunnen dama, na hagu kuwa ya fuskanci bakin bindiga, shi ya sa yake riga ɗan'uwansa mutuwa. Likitoci suna auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce 60. Ma'aikacin da ke yini cikin ƙarar da ta kai 85 ya fara shiga hatsari. Bindigar farauta kuwa tana kaiwa 150 zuwa 165, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 140 iyakar abin da kunnen baligi zai ɗauka ko da sau ɗaya ne, na yaro kuwa 120. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar katantanwa, da 'yan ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000 a cikinsa, su ne ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta tohowa. Kukan nan da kunne ke yi bayan harbi, wanda maharbi ke cewa zai wuce kafin gari ya waye, shaida ce an yi rauni. Harbi tsakanin duwatsu kuwa, irin na Jos, dutse yana mayar wa mutum da ƙararsa.

Mai karatu da ke zaune a Sabon Badun ko Agege ko Shagamu ko Anacha ko Fatakwal yana iya cewa ina ruwansa. Da ruwansa ƙwarai. Cikin 'yan Arewa mazauna kudu akwai masu shiga kurmi farauta, akwai masu gadi da bindigar toka, kuma da wuya a sami wanda ba shi da uba ko wa ko maƙwabci maharbi a gida. Bugu da ƙari, kayan waje Ikko suke fara sauka kafin su hau mota zuwa Jos, saboda haka ɗan kudu ne ake aika wa saƙo a ce ya sayo.

Lalle ne a yi wa maharbi adalci. Ba taurin kai kaɗai ke hana shi toshe kunne ba. Da kunne yake farauta: motsin gada cikin busasshen ganye, tashin fakara, haushin kare daga nesa, da kuma fitar abokinsa da ke gaya masa inda yake. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Maharbin da ya cusa abu a kunne har bai ji abokinsa ya zagayo ta gabansa ba, ya guji ƙaramar masifa ya tari babba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce dalilin da ya sa marufin kunne mai batir ya cancanci a yi maganarsa.

Ga yadda abin yake. Ƙoƙuna biyu ne masu soso a ciki, suna rufe kunnuwa ruf. A bayan kowanne akwai 'yar na'urar ɗaukar sauti, tana kawo motsin dawa cikin kunne, har ta ƙara masa ƙarfi in an murɗa. Da zarar ƙara ta haura kimanin desibel 82, sai ta daina shigar da ita, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai dai akwai abin da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba: ba batir ke tare ƙarar bindiga ba, ƙoƙon da soson ne. Na'urar ƙofa ce kawai da ke rufewa. In ƙoƙon roba ce sakayau, to, ko fitilu nawa ke walƙiya a jikinsa, kayan wasan yara ne.

Don haka abu na fari da mai saye zai duba shi ne lambar da ke jikin kwali. Kayan Amurka suna ɗauke da haruffan NRR, na Turai kuwa SNR, lambar kuma tana nuna yawan ƙarar da abin ke ragewa. Sanannun marufai irin su Howard Leight Impact Sport suna da 22, Walker's Razor kuwa 23. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, a bar wa mai shago kayansa. Ita ma lambar a ɗakin gwaji aka samo ta, inda aka ɗaura abin daidai. A dawa, hular sanyi ko rawani ko sandar tabarau na iya ɗaga bakin soson, ƙara ta sami ƙofa. Wannan abin lura ne musamman a Jos, inda babu mai fita da asuba cikin Disamba kai ba hula. A fara sa marufi, kana hula ta hau bisa. A zaɓi mai siririn ƙoƙo, domin mai kauri yana karo da gindin bindiga. A tabbata kuma kowane gefe yana da tasa na'urar ɗaukar sauti, in ba haka ba mutum zai ji motsi amma ba zai san ta ina ya fito ba. Batir ya zama ƙanana irin na tocila da ake samu ko a teburin ƙauye, ba mai jiran wutar lantarki ba. A kurmin kudu, inda zufa ke damu, akwai irin wanda ake cusawa cikin kunne, amma ya fi tsada, ya fi saurin ɓata.

Tsada kuwa gaskiya ce, ba kowane maharbi zai iya ba. Amma araha ba ta ado, kuma jabu ya fi babu sharri, tunda yana sa mutum ya saki jiki. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya nemi 'yan soson nan na ma'aikatan masana'anta, waɗanda lambarsu kan kai 29 zuwa 33, watau sun fi marufi mai batir tare ƙara, illa dai suna toshe kome da kome. Sun dace da gwajin bindiga, da 'yan bindigar hawan salla, da mai harbi daga inda ya laɓe. Auduga kuwa yaudarar kai ce. Ko sunan babban kamfani ba ya hana a bincika: a 2023 kamfanin 3M na Amurka ya yarda zai biya dala biliyan 6 ga tsofaffin sojoji da suka kai ƙara kan wani matoshin kunne, ko da yake bai amsa laifi ba.

Sai maganar launi, wadda ba ƙarama ba ce. Yawancin waɗannan kaya ana yin su da zanen kakin soja, rundunar soja kuwa ta sha gargaɗin farar hula game da sa irin wannan. Bayan abin da ya sami matafiya mafarauta 16 a Uromi cikin Maris 2025, a kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, babu ɗan Arewa a kudu da ke bukatar a tuna masa yadda zato ke aiki a kan hanya. A sayi baƙi ko ruwan ƙasa, a ajiye rasit cikin kwali.

Ya kamata sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta na Jihar Filato su ɗauki wannan batu, su yi adashe su sayi na gaske a sari, su fara da samari masu koyo da yaran da ke riƙe karnuka, gama su ke tsayuwa dab da bakin bindiga. Wanda kunnensa ya riga ya fara kuka, akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Na Ikko kuwa, asibitin koyarwa na Idi-Araba yana nan cikin unguwarsu, a je a auna kafin kakar farauta ta kama.