An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A 'yan shekarun nan manyan duniya sun gano wani sabon mai laifi, kuma sun taki sa'a, domin mai laifin ba shi da bakin da zai mayar da martani. A cikin 2021, J.D. Vance, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Amurka a 2025, ya fito a talabijin ya ce wasu mata marasa 'ya'ya masu kiwon kyanwa ne ke juya ƙasarsa, wai baƙin cikin rayuwarsu suke so su shafa wa kowa. Ran 5 ga Janairu, 2022, marigayi Fafaroma Francis ya tsaya a Fadar Vatikan ya kira shi son kai, yadda wasu ma'aurata ke ƙin haihuwa suna ajiye karnuka da kyanwoyi a gurbin 'ya'ya. A Koriya ta Kudu kuma, wani ɗan siyasa mai suna Kim Moon-soo ya koka a 2023 cewa samari da 'yan mata sun bar son juna, sun koma rungumar karnuka, ba aure ba haihuwa.

Mun san da yawa daga cikinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, in sun ji irin wannan labari sai su gyaɗa kai su ce duniya ta zo ƙarshe. Mu kuwa ra'ayinmu dabam ne, kuma ba za mu yi masa rufa-rufa ba: waɗannan manya sun bar jaki suna dukan taiki. Kare bai hana kowa aure ba, kyanwa ba ta taɓa korar mai neman aure daga ƙofar gida ba. Abin da ya hana matasan nan aure yana nan a rubuce cikin takardun gwamnatocinsu, kuma masu zargin sun fi kowa saninsa.

Mu ɗauki Koriya ta Kudu, inda al'amarin ya fi tsanani. A 2023 ƙididdigar haihuwa a ƙasar ta faɗo zuwa 0.72, watau in aka ɗauki mata 100, 'ya'ya 72 kacal za su haifa a tsawon rayuwarsu, alhali kuwa sai sun haifi kamar 210 kafin yawan jama'a ya tsaya inda yake. Babu ƙasar da ta kai ta ƙarancin haihuwa a duniya a wannan shekara. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na gidajen ƙasar mutum ɗaya ne tak ke kwana a ciki. A shekarar dai, wata babbar kasuwar intanet mai suna Gmarket ta bayyana cewa kekunan tura karnuka sun fi na tura jarirai fita, kashi 57 cikin ɗari a kan 43. Wannan lissafi na keke shi jaridun duniya suka yi ta yayatawa, domin yana da daɗin ba da dariya.

To, amma akwai wani lissafin da ba ya ba da dariya. Kusan rabin mutanen ƙasar a birnin Seoul da kewayensa suke cunkushe, saboda can aikin yake. Saurayin da ke son gidan da zai sa amarya, bisa wata tsohuwar al'adar haya tasu, sau da yawa sai ya damƙa wa mai gida ajiyar kuɗi a dunƙule wadda ta kai rabin darajar gidan ko fiye. Sai a 2018 aka rage iyakar sa'o'in aiki daga 68 zuwa 52 a mako, kuma a 2023 gwamnati ta nemi ta ɗaga su zuwa 69, sai da matasa suka yi caa a kanta sannan ta ja da baya. Iyaye sun kashe won tiriliyan 27 a 2023 wajen biya wa 'ya'yansu darussan bayan makaranta, don gudun kada a bar su a baya a jarrabawa. Mace kuwa albashinta ya gaza na namiji da wajen kashi 30 cikin ɗari, giɓin da ya fi na kowace ƙasa cikin ƙungiyar ƙasashe masu arziki, kuma ta san in ta haihu aikinta na cikin haɗari. Tun 2011 'yan ƙasar suka raɗa wa matasansu suna, wai tsarar da ta haƙura da abu uku: soyayya da aure da haihuwa.

Wane ne ya fara zuwa ke nan, karen ko kaɗaicin? Wanda ya taso daga ofis ƙarfe goma na dare ya buɗe ɗaki ya tarar ba mai yi masa sannu da zuwa, in ya ajiye wata halitta mai numfashi da za ta tarye shi a bakin ƙofa, wace ƙasa ya rusa? Ruwa ba ya tsami banza. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya yi shelar cewa kaɗaici annoba ce a 2023. Ba a naɗa minista don cutar da kyanwa ta kawo. Abin mamaki ma, shi Kim Moon-soo da ya yi wa matasa gorin karnuka, Ministan Ƙwadago aka ba shi a 2024, watau ofishin da sa'o'in aiki ke ƙarƙashinsa. Zargin kare ba ya cin ko kwabo daga baitulmali, amma gina gidaje masu araha da rage sa'o'in aiki sai an taɓa aljihun masu kamfanoni.

Bugu da ƙari, masu zargin sun juya maganar a baibai, domin a ƙasashen nan dabbar takan zama sanadin haɗuwa. Mai kare dole ya fita da shi safe da yamma, kuma a filin shan iska yake gamuwa da maƙwabcin da ya shekara bai san sunansa ba. Har manhajoji aka ƙirƙira don masu son dabbobi su sami abokan zama, irin su Dig da aka buɗe a Amurka a 2018 don masu karnuka. A 2015 Peter Gray da abokan aikinsa suka buga wani bincike da aka yi a kan mutum 1,210 marasa aure masu kiwon dabbobi a Amurka, suka iske cewa mata sun fi maza auna mai nemansu da yadda yake mu'amala da dabbarsu.

Wasu za su ce wannan shirmen Turawa ne. Mu kuwa muna ganin matan nan sun fi masu yi musu dariya hankali. A wurin zance kowane saurayi mai haƙuri ne, mai kyauta, mai tattausan lafazi, domin yana da abin da yake nema. Amma yadda mutum yake yi da halittar da ba za ta iya kai ƙararsa ba, ba ta kuwa da abin da za ta saka masa da shi, nan ne halinsa yake fitowa tsirara, kuma hali zanen dutse ne. Wanda ya shuri kyanwa don ta gitta gabansa, ko ya bar dabba da ƙishirwa ya tafi yawonsa, ya riga ya gaya wa budurwa yadda zai yi da ita ran da ta zama mai rauni a hannunsa. Mu da muka tashi da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare daga rijiya, mu ne ya fi kamata mu gane wannan ma'auni. Ba muna kiran kowa ya shigar da kare ɗakin kwanansa ba. Malamai sun yi bayanin inda aka yarda a ajiye shi, don farauta da kiwo da gona. Maganarmu a kan tausayi ce, da abin da yake nunawa game da mai shi.

Kada kuma a ɗauka mun zo yi wa 'yan kasuwa kirari. Tsarin jari-hujjan da ya ƙwace wa matashi lokacinsa da kuɗin hayarsa, shi ne dai ya zagayo yana sayar masa da maganin kaɗaici. Amurkawa sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobin gida a 2023. Akwai rigunan karnuka, da otal-otal ɗinsu, da bikin ranar haihuwarsu, a duniyar da yara ke kwana da yunwa. Kamfanonin manhajojin soyayya kuwa, wanda ya yi aure ya goge manhajar asara ne a littafinsu. Ribarsu tana ga wanda ya daɗe yana nema yana biya. In za a yi faɗa, ga inda ya kamata a yi shi. Amma mun ga manyan sun fi son su tsawata wa budurwa mai kyanwa, domin ita ba ta ba da gudummawar yaƙin neman zaɓe.

Mene ne ruwanmu da wannan, mu da ƙasarmu ba ta fama da ƙarancin haihuwa? Ruwanmu shi ne mun san wannan duka na taiki a gida. A Kano, cikin watan azumi, Nalako da jama'arsa kan kama gwauro a ɗaura masa igiya a zaga gari da shi. Wannan wasa ne na gargajiya, kowa ya yi dariya a watse. Amma gorin da ake yi wa tuzuru da budurwar da ta daɗe a gida ba wasa ba ne, kullum ne. Saurayin da ya gama jami'a ya rasa aiki, in ya kama kiwon tattabaru sai a ce ya zama shashasha. Ba mai tambayar yadda ƙaramin ma'aikaci zai haɗa lefe da sadaki da kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a 2024. Ba mai tambayar uban da kayan ɗaki suka hana shi barci. Da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin auren mutum 1,800 da matansu a Oktoban 2023, ai ta amsa da kanta cewa kuɗi ne shingen, domin da ta cire shi ba a rasa masu son aure ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk lokacin da wani babba ya hau mumbari ko kujera yana kukan matasa sun ƙi aure, a tambaye shi abu uku: gidaje nawa ya gina, albashi nawa yake biya, kuma akwatuna nawa ya nema a lefen 'yarsa. Ƙungiyoyinmu su sa batun haya da tsadar aure cikin abubuwan da suke fafutuka a kai, kamar yadda suke yi wa kuɗin makaranta. Ku kuma 'yan'uwanmu mata, in mai neman aure ya zo, bayan kun saurari daɗin bakinsa, ku lura da abin da ƙafarsa za ta yi in kyanwar gidan ta zo ta goge shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Koriya sun kashe sama da dala biliyan 200 cikin shekara 16 suna lallashin matasa su haihu, amma da yake haya da sa'o'in aiki suna nan daram, kuɗin bai tsayar da faɗuwar ba.