Mu ware wurin shan iska a bakin Majiya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau za mu yi magana a kan abin da wasu suke ɗauka wasa ne, wato fita shan iska. A garuruwanmu, in aka ga magidanci ya tasa ƴaƴansa gaba ya nufi fadama, ba kalme ba gatari, sai a ce ya rasa aikin yi. Mu ba mu yarda da wannan ba.

A ƙasarmu akwai babban gandun dajin W a bakin kogin Isa. Tun shekarar 1954 aka keɓe shi domin namun daji. To amma ina mutumin Allakaye, ina W? Tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Mu abin da Allah ya ba mu shi ne kwarin Majiya, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Dattawa suna tune da yadda kwarin yake bayan farin shekarun 1970. Iska takan taso da farkon damina, ta binne ƙaramin hatsi da rairayi. Manomi ya yi shuka sau biyu, wani lokaci sau uku. A shekarar 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa bedi a wajen Garadume. Layi biyu-biyu aka yi, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100. Mutanen gari ne suka haƙa ramu. An sa masu gadi don kada awaki su cinye dashen. Da itatuwan suka girma, masu bincike suka auna, suka tarar hatsin da ke bayan jerin ya fi na fili yawa. A Keita ma, daga 1984, an dasa miliyoyin itatuwa tare da taimakon ƙasar Italiya. Yawancin masu ɗaukar duwatsun nan a ka mata ne.

Yaron da aka haifa jiya bai san wannan wahala ba. Ya tashi ya tarar da inuwa, yana zaton haka Allah ya ajiye ta. Shi ya sa idan ya girma ba ya jin nauyin sa mata gatari. Ku duba jerin da kyau, za ku ga giɓi a wurare da yawa. Ta giɓin nan iska take shigowa da ƙarfi.

Saboda haka muna ganin ya kamata kowane gari da ke bakin kwarin ya ware ɗan wuri guda. A hana sara da kiwo a ciki. Ranar Juma'a da la'asar, ko bayan an gama girbi, iyali su je su zauna. Kaka ya nuna wa jika gawo, ya gaya masa me ya sa yake zubar da ganye da damina, kuma me ya sa hatsin gindinsa ya fi kyau. A nuna masa bagaruwa da aduwa da magarya da kalgo. A nuna masa shamuwa mai zuwa gab da ruwan farko. Jikin da ya yi wata huɗu a duƙe yana buƙatar hutu, zuciya ma haka.

Mun san abin da za a ce. Ƙasar fadama tsada gare ta, ta albasa ce. Gaskiya ne, ba mu kuwa nemi garkar kowa ba. Gaɓar gulbi muke nufi, wadda ruwa yake zaftarewa kowace shekara. Saiwar itace ita ce za ta riƙe ta, mai garkar da ke kusa shi zai fara cin riba. Mata kuma za su tambaya: ina za mu samu itacen girki? Tambaya ce mai kyau. Bedi yana tohowa in an sassabe rassansa daga sama. A tsara lokacin sassabe, a raba da adalci, a bar gindin.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma shi ne ya fi damun mu. Shan iska a bakin ruwa daban, shiga ruwa daban. Majiya da damina kawai take gudu. In ta janye, sai ta bar tabkuna. A irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka. Bayan wani lokaci sai yaro ya fara fitsarin jini. Wasu suna cewa alamar balaga ce. Ba haka ba ne, cuta ce. Tana rage jini, tana lalata mafitsara. In mai ita ya yi fitsari a tabki, ya zuba ƙwai ke nan, wani ya ɗauka. Akwai maganinta a gidan likita, ana kuma raba shi a makarantu. Kada a ɓoye yaro ranar rabo.

Kada a bar yara su yi wasa a cikin ƙorama da damina, ko da sama garau take. Ana iya yin ruwa can kan tudu, ambaliya ta iso ba sallama. A tafi da ruwan sha daga gida. A koma kafin magariba, lokacin da sauro yake fitowa.

Muna roƙon masu gari da limamai da ƙungiyoyin mata su zauna da magajin gari da ma'aikatan gandun daji, a zaɓi wurin tun da rani. A haƙa ramuka kafin ruwa ya sauka, a tanadi ƙaya ta shinge. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, kowane gida ya zo da dashe ɗaya da yaron da zai riƙa ba shi ruwa.